Iyakar Matsi a Cikin Zoben Maganaɗisu

Hasken da ke tashi a bakin sandar mai walda a Takur, da walƙiyar da ke keta sararin Dutse da damina, duk abu ɗaya ne a wurin masana kimiyya: iska ce da zafi ya wargaza ƙwayoyin zarrarta har lantarki ke ratsa ta. Sunanta filazma, kuma ita ce jikin rana.

Na'urar nukiliya ta bincike da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, fasa ƙwayar yuraniyom take yi. Rana kuwa haɗe ƙwayoyin haidurojin take yi. Mai son kwaikwayonta a doron ƙasa sai ya kai zafi sama da digiri miliyan 100, abin da babu ƙarfen da zai jure. Don haka a farkon shekarun 1950 Andrei Sakharov da Igor Tamm na Tarayyar Sobiyet suka kawo dabarar rataye filazma cikin zoben maganaɗisu, ba ta taɓa bango. Daga nan aka samu na'urar tokamak.

Zafin an daɗe da cim masa, riƙon ne jan aiki. Filazma na bankaɗowa, maganaɗisu na danne ta. Awon matsinta a kan nasa shi ake kira beta, kuma a yawancin na'urorin 'yan kashi kaɗan ne cikin 100. Injiniyoyi na kwaɗayin ɗaga shi, domin in matsi ya ninka biyu, makamashi ninki huɗu yake yi.

Sai dai a 1984 Francis Troyon da abokan aikinsa a Suwizalan suka nuna cewa beta na da iyaka, gwargwadon lantarkin da ke zagaya cikin filazmar, da kaurin zoben, da ƙarfin maganaɗisu. Da an ƙetare ta, filazma ta murɗe, ta daki bango, ta mutu cikin ƙiftawar ido. A 2016 na'urar Alcator C-Mod ta cibiyar MIT a Amurka ta kafa tarihi da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau biyu kacal, kwatankwacin abin da mai faci ke ɗura wa tayar mota.

Tunda iyakar ta ƙi gusawa, dabara ta rabu biyu. Na'urar ITER da ake ginawa a kudancin Faransa ta zaɓi girma, da burin samar da megawat 500 daga megawat 50. Na'urar SPARC a Amurka ta zaɓi ƙaramin jiki da maganaɗisu mai tsananin ƙarfi, domin in ƙarfinsa ya ninka biyu, makamashi ninki 16 yake yi.