Shin bokaye ne suka yi zanen duwatsun Birnin Kudu?

Duk makiyayin da ya saba da bokoloji da rahaji a dazukan Kebbe da Tambuwal, idan aka kai shi Dutsen Mesa ko Dutsen Habude a Birnin Kudu ta jihar Jigawa, abin da zai fara lura da shi shi ne shanun da aka zana a jikin duwatsun ba su da tozo.

Wannan ya nuna daɗewar zanen, domin shanu marasa tozo sun riga masu tozo isowa Afirka ta Yamma.

Wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya yi aiki a gidan tarihi na Jos, shi ne ya bayyana wa duniya labarin zanen a shekarun 1950. Akwai irinsa a Geji da Shira cikin jihar Bauchi.

Tambayar da ke raba kan masana ita ce: me ya sa mutanen da suka ɗauki wahalar yin zane a kan dutse?

Ra'ayin fita hayyaci

A shekarar 1988 wasu masana biyu na Afirka ta Kudu, David Lewis-Williams da Thomas Dowson, suka ba da amsar da ta ta da ƙura.

Sun ce yawancin zanen aikin bokaye ne, waɗanda Turawa ke kira shaman, kalmar da ta samo asali daga Siberiya. A cewarsu, bokan yakan fita hayyacinsa ta hanyar rawa ko kiɗa ko kaɗaici a cikin duhu, daga baya ya zana abin da ya gani.

Sun kasa yanayin gida uku. Da farko mutum zai riƙa ganin ɗige-ɗige da layuka masu karkace-karkace. Daga nan ƙwaƙwalwa za ta mayar da su abubuwan da ta sani, kamar maciji. A mataki na uku sai ya ji kamar yana kutsawa cikin rami, har ya ga kansa ya rikiɗa ya zama dabba.

Hujjarsu ta fito ne daga al'ummar San ta kudancin Afirka, waɗanda masu maganinsu kan kwana suna rawa har su faɗi. A zanen duwatsun yankin ana ganin mutane a sunkuye suna haɓo, da wasu masu jikin mutum da kan dabba.

A 1996 Lewis-Williams da masanin Faransa Jean Clottes suka ƙara zurfafa bayanin ra'ayin a kan kogunan duwatsun Turai, irin su Lascaux da aka gano a 1940.

Raƙuman dawa na Dabous

Masu wannan ra'ayi kan yi nuni da Dabous, a arewa da Agadas cikin Jamhuriyar Nijar, inda aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse. Babban ya zarce mita 5, kuma an ƙiyasta shekarun sassaƙar tsakanin 6,000 zuwa 8,000, lokacin da Sahara ke da ruwa da ciyawa.

Daga bakin kowane raƙumi akwai layin da ya sauko zuwa wani ɗan ƙaramin mutum. Wasu na ganin alaƙa ce ta ruhi tsakanin boka da dabba. Wasu kuma sun ce igiya ce kawai ta mafarauci.

To ina batun bori?

Bahaushe bai rasa sanin fita hayyaci ba. A wasan bori, kiɗan garaya ko goge ne ke sa ɗan bori ya fita hayyacinsa. Malamai sun yi tir da al'adar tun zamanin Shehu Usman Ɗanfodiyo, kuma masana tarihi na cewa tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u ya janye mata da dama daga gare ta zuwa karatu.

To sai dai masana halayyar al'umma na bambanta bori da abin da Lewis-Williams ke nufi. A bori, an yi imanin iska ce ke zuwa ta hau mutum, shi ya sa ake kiransa doki ko goɗiya. Shi kuwa shaman, ruhinsa ne ake cewa yana fita ya yi tafiya ya dawo da labari.

Haka kuma ba a san 'yan bori da zane a kan dutse ba.

Masu suka

Masana irin su Paul Bahn na Ingila da Jean-Loïc Le Quellec na Faransa, wanda ya daɗe yana nazarin zanen Sahara, sun ce kuskure ne a ɗauki al'adar mutanen San a yi wa duniya kuɗin goro da ita.

Akwai kuma wata fassarar da ta fi kusa da gida. A 1966 malamin nan na Mali, Amadou Hampâté Bâ, tare da Germaine Dieterlen, sun danganta wasu zanen shanu na Tassili a Aljeriya da tsofaffin al'adun Fulani makiyaya. Ita ma fassarar an yi mata suka, amma ta tuna wa masana cewa wanda rayuwarsa ta dogara da saniya ba ya buƙatar fita hayyaci kafin ya zana ta.

Zanen Birnin Kudu ya fi karkata nan, domin shanu ne suka mamaye shi. Abin da zai iya haɗa shi da kiɗa shi ne duwatsun da ke kusa, masu ƙara kamar ƙararrawa idan an buga su, waɗanda Fagg ya rubuta labarinsu.

Yayin da ake wannan muhawara, iska da ruwa da hannun ɗan Adam na ci gaba da cin zanen duwatsu a Afirka. Tsoron haka ne ya sa aka kwafi siffar raƙuman Dabous a 1999, aka ajiye kwafi ɗaya a filin jirgin saman Agadas.

Duwatsun Birnin Kudu na cikin wuraren tarihi da Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya ke kula da su. Duk wanda ya kankare su ko ya rubuta sunansa a kai, ya share shaidar da masana ke dogaro da ita wajen warware wannan tambaya.