Ranar Miƙa Makulli a Samaru

Gyaran dokar jami'o'i na 2012 ya ɗaga shekarun ritaya: farfesa 70, sauran ma'aikata 65. A Jami'ar Ahmadu Bello, da aka buɗe a Samaru a 1962, mutum kan shafe shekara talatin a kwatas, Area A ko Area BZ. A nan aka raɗa wa 'ya'yansa suna, a nan aka ɗaura musu aure. Ran da takardar ritaya ta fito, ya miƙa makullin ofis, ba da jimawa ba ya miƙa na gida.

Zancen da ake yi duk na kuɗi ne, kuma da hujja. A dokar fansho ta 2014, ma'aikaci na zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10. Masu tsohon haƙƙi na kafin 2004 kuwa sun sha jiran gwamnati wata da watanni.

Asarar da ba a lissafawa ta fi damuna. Dattijon ya tare a gidansa na Hayin Dogo ko Palladan, inda liman bai san shi ba, majalisar ƙofar gida ta cika tun kafin ya zo, babu ɗalibin da zai rusuna ya ce, "Malam, ga aikina a duba." Gari ya waye, babu mai jiransa. Likitoci sun daɗe da danganta irin wannan kaɗaici da ciwon zuciya da ciwon damuwa, mu kuwa sai mu ce tsufa ne.

Ɗan kasuwar Sabon Gari ba shi da fansho, ciwo ya zo daga jari zai yi magani. Amma ko ya sakar wa ɗansa rumfa, bencinsa na nan. Da hantsi ya fito, a gaishe shi, a kawo masa rigimar ciniki ya raba. A wannan ya fi farfesa.

Uwargidan farfesa fa? Tashi daga kwatas ya raba ta da maƙwabta da 'yan adashinta, ga ɗakunan 'ya'ya sun zama wayam. Wata ma tun tsakanin shekara 45 da 55, lokacin ɗaukewar al'ada, take fama da gumin dare da rashin barci, ana ta ba ta maganin zazzaɓi, wasu na zargin iska. Kunya ta hana ta faɗa, alhali asibitin koyarwa na Shika, mai sashen mata, yana nan kusa da Samaru.