Daga Japan zuwa rumfar caji a Gummi: Yadda aka tsara madannan da 'yan gem ke dannawa

Da yamma bayan La'asar, idan ka bi ta rumfunan cajin waya a Gummi ko Anka ko Bukkuyum, da wuya ka rasa matasa biyu ko uku a kan benci, kowa ya kwantar da wayarsa a hannu biyu, kai a sunkuye. Babban yatsan hagu na jan ɗan wasa, na dama na buga ƙwallo ko harbi.

Babu wanda ya koya musu wannan riƙon a aji. Kuma da za a tambaye su dalilin da ya sa tafiya take hannun hagu, bugu yake hannun dama, yawancinsu za su ce haka suka tarar.

Wasu ne suka zauna suka yanke shawarar hakan fiye da shekara 40 da suka wuce, a birnin Kyoto na ƙasar Japan. Shawarar tasu ce har yau take tantance ko na'urar da yaro ya tara kuɗi ya saya za ta yi daɗin riƙo, ko kuwa za ta koma cikin tarkace kafin hunturu ya fita.

Gicciyen da ya zauna a hagu

A 1980 kamfanin Nintendo ya fara fitar da wasu ƙananan na'urorin wasa masu suna Game & Watch, ƙarƙashin jagorancin wani injiniya, Gunpei Yokoi. Ana ba da labarin cewa tunanin ya zo masa ne a jirgin ƙasa, da ya ga wani fasinja na ta danne-dannen kalkuleta don rage zaman banza.

Matsala ta taso a 1982, lokacin da za su sa wasan Donkey Kong a cikin irin wannan na'ura. Wasan na buƙatar tafiya sama da ƙasa da hagu da dama, kuma a manyan injinan wasa da sanda ake yin haka. To amma na'urar naɗewa take yi kamar littafi, sanda ba za ta bari ta rufu ba.

Sai tawagar Yokoi ta yi madanni guda mai siffar gicciye, a shimfiɗe. A ƙarƙashin tsakiyarsa akwai ɗan tudu da yake lilo a kai, shi ya sa ba a iya danna hagu da dama a lokaci ɗaya. Yatsa na jin kusurwa huɗun ba tare da ido ya bar allo ba. Suka ajiye shi a hagu, madannin tsalle a dama.

Da Game Boy ya fito a 1989, an bar gicciyen a inda yake, aka sa madannan A da B a dama, amma a karkace, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tudu. Duk wanda ya riƙe waya a hannu biyu ya motsa babban yatsansa na dama zai ga dalili: yatsan ba ya tafiya a miƙe, baka yake zanawa. An jera madannan ne a kan hanyar da yatsan ke bi da kansa.

Akwai abin lura a nan. A ƙasar Hausa ana hana yaro ci ko karɓa da hagu tun yana ƙarami, amma a wasan gem hannun hagun ne ke riƙe da aiki mafi wahala, wato tuƙi. Bahago, wanda ya saba shan faɗa a gaban kwano, a nan dai ba a bar shi a baya ba.

Zamanin maciji

Mafi yawan mutanen yammacin Zamfara ba ta Game Boy suka san wasan hannu ba. Wasu sun fara da Brick Game, wata na'urar roba mai araha da ke ɗauke da wasan jera bulo irin na Tetris, wadda akan rubuta mata dubban wasanni a jiki alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Saura kuma ta wayar Nokia suka shigo.

Wasan maciji na wayoyin Nokia ya fara bayyana a Nokia 6110 a 1997, wani injiniya ɗan ƙasar Finland mai suna Taneli Armanto ne ya rubuta shi. Wayar ba ta da gicciye, sai aka ari lambobi: 2 sama, 8 ƙasa, 4 hagu, 6 dama. Lambar 5 na tsakiya, kuma a jikin yawancin wayoyi masu madannai tana da ɗan ƙuri da aka yi domin makafi da mai laluben waya cikin duhu. Ɗan ƙurin nan ya zama masaukin yatsa, daga shi ake sanin ina aka dosa.

Har yau ƙananan wayoyin Itel da Tecno da ake yi wa laƙabi da rakani-kashi a kan wannan jeri suke. A garin da ba a cika ganin wutar lantarki ba, wayar da ke kwana uku ba caji tana da daraja ta daban.

Nokia ta so ta haɗa waya da na'urar wasa a jiki ɗaya, ta fitar da N-Gage a 2003, sai dai abin bai yi armashi ba. Madannan lambobi aka bari a dama a matsayin na wasa, sun cushe wuri ɗaya. Kafin ka sauya katin wasa sai ka buɗe baya ka cire batir. Idan kuma kira ya shigo, gefen wayar ake karawa a kunne. A 2004 suka fito da wadda aka gyara, amma ba'a ta riga ta yi nisa.

Da'ira ko gicciye?

A gidajen gem, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo a PlayStation da ƙarfin janareta ko sola, yaran da ba su taɓa karanta kalmar Turanci ɗaya ba sun san wanne ne madannin fasin, wanne ne na buga raga. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne babu harafi a kan waɗannan madannan na hannun gem ɗin.

Teiyu Goto, wanda ya zana shi wa kamfanin Sony a 1994, alamomi huɗu ya zaɓa: mai kusurwa uku, murabba'i, da'ira da gicciye. A Japan da'ira na nufin "e", gicciye na nufin "a'a", kamar yadda malamansu ke yi a takardar jarrabawa. Da na'urar ta je Amurka da Turai sai aka juya, gicciye ya zama na amincewa. An shafe fiye da shekara 25 a haka, sai a 2020 da PlayStation 5 ya fito Sony ta mayar da Japan ma kan gicciye.

Wannan rikicin bai ƙare ba. A na'urorin Nintendo, A na gefen dama. A hannun Xbox kuwa A na ƙasa. Ƙananan na'urorin China da ke shigowa kasuwa cike da tsofaffin wasanni, wasu na bin wannan, wasu na bin wancan, wani lokaci rubutun jiki daban, abin da wasan ke yi daban. Mai saye kan ɗauka na'urar ce ta lalace, alhali jeri ne ya saɓa da abin da yatsansa ya haddace.

Rubutun Start da Select ma haka yake. Ga wanda karatunsa na allo ne da ajami, kalmomin nan zane ne kawai. Wurin da madannin yake da siffarsa su ne ke yi masa magana, kuma masu ƙira da yawa ba su taɓa tunanin irin wannan mai sayen ba.

Ƙura, zufa da kanta

A ƙarƙashin yawancin madannan hannun gem akwai wata roba mai laushi da ɗigon baƙin abu a gindinta. Idan an danna, ɗigon ya taɓa allon cikin na'urar, wuta ta wuce, wasan ya san an danna. Robar ce kuma ke mayar da madannin sama.

Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar wannan wuri. Tana shiga ta gefen madanni, ta haɗu da zufa da maiƙon hannu, ta yi dauɗa a kan allon. Daga nan sai madanni ya fara ƙin ji sai an danna da ƙarfi, ƙarfin kuma ya yaga robar. Masu gyaran waya kan buɗe su goge wurin da sifirit, sau da yawa shi ke nan maganin.

Nintendo ma ta taɓa cin karo da irin wannan. Na'urarta ta Famicom ta 1983 ta fara fitowa ne da madannan roba masu kusurwa huɗu, suka riƙa maƙalewa idan an danna, dole aka koma masu da'ira na roba mai tauri. Har yau kusan duk madannin bugu zagayayye ne.

Sandar nan ta yatsa da ke jikin sababbin na'urori ta fi saurin mutuwa. Idan cikinta ya cinye ko ƙura ta shiga, sai ka ga ɗan wasa na tafiya shi kaɗai ba a taɓa shi ba. Nintendo Switch da ya fito a 2017 ya sha ƙorafi da ƙararraki a kotu kan wannan, a ƙasashen da ƙurarsu ba ta kai rabin ta Bukkuyum a watan Janairu ba.

Wayar shafa kuwa ta kawar da madannan gaba ɗaya, ta zana su a gilashi. Ribar ita ce ɗan wasa na iya tsara nasa: a PUBG Mobile da Free Fire ana jan kowane madanni a kai shi inda ake so, a ƙara masa girma ko a rage. Gwanaye kan kai madannin harbi can sama su riƙa danna shi da manuniya, su yi wasa da yatsu uku ko huɗu. Ba su sani ba, aikin da Yokoi ya yi suke maimaitawa, kowa da gwargwadon hannunsa.

Hasarar ita ce gilashi ba ya gaya wa yatsa komai. Zufar bazara na sa allo ya rikice, kuma yatsan da ya yi kanta saboda fartanya ko ya bushe da sanyi, wani lokaci allon ba ya jin sa sosai. Daga nan ne kasuwar safar yatsa da ƙananan madannan da ake maƙalawa a saman waya ta samo asali: an cire madanni, mutane sun koma suna sayen sa daban.

Ranar da sabis ya ɗauke

A farkon Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba da umarnin rufe layukan waya a faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin jihar, domin yaƙi da 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ce, amma a ƙananan hukumomi da dama abin ya kai watanni.

A wancan lokaci duk wasan da ke buƙatar data ya tsaya cak. Abin da ya rage shi ne wanda ke cikin waya tun asali, da wanda ake turawa daga waya zuwa waya ta Xender, da maciji, da gidajen gem. Tsohon lissafin Yokoi ya sake fitowa fili. Game Boy ba shi da kala, amma batir huɗu na kai shi fiye da sa'a goma. Game Gear na kamfanin Sega, mai allo mai kala, yana cinye batir shida cikin sa'a uku zuwa biyar. Game Boy da ƙaninsa mai kala sun sayu fiye da miliyan 118.

Ga uban da zai saya wa ɗansa irin wannan na'ura, ko matashin da zai aika a sayo masa daga Gusau ko kasuwar Farm Centre a Kano, yawan wasannin da aka rubuta a kwali shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya duba. Gara a riƙe ta a hannu biyu a rufe ido, a gani ko yatsa zai gane madannan da kansa. A danna tsakiyar gicciyen: idan duka kusurwa huɗun suka nutse tare, babu tudun nan a ƙasa, ɗan wasa zai riƙa kauce hanya. Sannan a juya bayanta a duba ko da sukurori aka ɗaure ta. Wadda aka manne da gam, ranar da ƙura ta shiga, mai gyara sai ya fasa ta kafin ya kai ga robar.