ZARGIN SON KAI A ALƘALANCIN WASANNI: NAZARI KAN FIFITA MANYAN ƘUNGIYOYI DA FITATTUN 'YAN WASA

1.0 GABATARWA

Da wuya a kammala wata babbar gasa ta ƙwallon ƙafa ba a ji kukan cewa alƙalin wasa ya yi son kai ba. Magoya bayan ƙananan ƙungiyoyi sun daɗe suna cewa manyan ƙungiyoyi da fitattun 'yan wasa suna da wata alfarma wadda saura ba su da ita. Wasu ma sukan ce hukumomin da ke shirya gasa su ne ke tsara wanda zai ɗauki kofi tun kafin a busa usur. Su kuwa hukumomin, amsarsu a kullum ita ce alƙali ɗan Adam ne, yana iya kuskure kamar kowa.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a ɗora wannan zargi bisa ma'aunin hujja. Batun ya cancanci nazari, domin hukunci ɗaya na alƙali yana iya sa ƙungiya ta faɗo daga rukunin manya ta yi asarar dukiya mai yawa, yana kuma iya jawo tarzomar da za a rasa rayuka. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, lalle akwai karkata a alƙalancin wasanni, amma iri-iri ce, kuma wadda ta fi yawa ita ce wadda alƙalin da kansa bai san yana yi ba.

2.0 RABE-RABEN SON KAI

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu rarrabe abubuwa uku waɗanda 'yan kallo sukan haɗa su cikin kalma ɗaya. Na farko shi ne karkata ba da niyya ba, watau inda hayaniyar jama'a ko kwarjinin ɗan wasa ya rinjayi alƙali. Na biyu shi ne maguɗi da gangan, inda aka ba alƙali cin hanci, ko aka yi masa alkawarin ɗaukaka, ko shi kansa ya sa hannu cikin caca. Na uku shi ne zargin cewa hukumar gasa ce ke ba alƙalai umurni su taimaki ƙungiyoyin da suka fi jawo mata kuɗi.

Har ila yau, akwai wani tarko da ya wajaba mai nazari ya kauce masa. Idan aka ƙidaya aka ga babbar ƙungiya ta fi kowa samun bugun fenariti, wannan kaɗai bai zama hujja ba, domin ƙungiyar da ta fi ƙarfi ita ce ta fi daɗewa a gaban ragar abokan karawarta, saboda haka ita za a fi yi wa ƙeta a can. Dole sai an sami hanyar da za a ware aikin alƙali daga ƙwazon 'yan wasa. Binciken da za mu kawo a ƙasa mun zaɓe su ne don sun cika wannan sharaɗi.

3.0 KARKATA WAJEN MASU GIDA

A shekarar 2005 wasu masana tattalin arziki uku, watau Garicano da Palacios-Huerta da Prendergast, sun buga sakamakon nazarin wasanni 750 na gasar ƙasar Sifen, na kakar 1994/95 da ta 1998/99. Abin da suka duba shi ne ƙarin lokacin da alƙali kan bayar bayan cikar minti 90, domin wannan hukunci ne da ke hannunsa shi kaɗai. Sun gano cewa idan masu gida suna gaba da ci ɗaya, akan ƙara kimanin minti 2, idan kuwa suna baya da ci ɗaya, akan ƙara kimanin minti 4. Idan tazarar ta yi faɗi, ta yadda ƙarin lokaci ba zai sake kome ba, sai bambancin ya ɓace. Ke nan alƙali yana tsawaita wasa a lokacin da masu gida ke bukatar lokaci, yana kuma taƙaita shi a lokacin da suke son a tashi.

Me ke jawo haka? A shekarar 2002 Nevill da Balmer da Williams a Ingila sun yi wani gwaji mai sauƙin fahimta. Sun tara ƙwararrun alƙalai 40, suka nuna musu hoton bidiyo na wani wasa tsakanin Liverpool da Leicester City, wanda aka yi a gidan Liverpool. Wasu sun kalla da sautin 'yan kallo, wasu kuma an kashe musu sautin. Waɗanda suka ji hayaniya sun kama masu gida da laifin ƙeta ƙasa da na ɗaya rukunin da kashi 15.5 cikin ɗari. Babu wanda ya ba waɗannan alƙalai ko anini, ba su kuma cikin wani haɗari, sautin jama'a kawai ya isa.

Daga baya an sami damar gwada wannan a fili. A watan Fabrairu na 2007 an yi tarzoma a birnin Kataniya na Italiya, har wani ɗan sanda ya rasu, gwamnati ta hana 'yan kallo shiga filayen da ba su cika ƙa'idar tsaro ba. Masu bincike biyu, Pettersson-Lidbom da Priks, sun kwatanta wasannin da aka yi a rufe da na buɗe, suka ga alƙalai sun fi tsananta wa baƙi idan akwai jama'a. Haka kuma a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka yi ta wasanni ba 'yan kallo, nazarce-nazarce da dama sun nuna raguwar katin gargaɗi da ake ba baƙi.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a wurinmu. An shafe shekaru a gasar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya cin wasa a waje yana da wuya ƙwarai, jaridu kuma sun sha kawo labarin 'yan kallo sun far wa alƙalai, har hukuma ta kori wasu ƙungiyoyi daga filayensu na ɗan lokaci. Idan ihu kawai yana karkatar da alƙalin da ke zaune a ɗaki yana kallon bidiyo, ina ga wanda bai tabbata zai fita daga fili lafiya ba?

A nan ne batun manyan ƙungiyoyi ya shigo. Babbar ƙungiya ita ce mai babban fili da ɗimbin magoya baya, kuskuren da aka yi mata kuwa shi jaridu za su kwana bakwai suna tattaunawa. Binciken Sifen da muka ambata ya nuna cewa karkatar tana ƙaruwa idan jama'a sun yi yawa. Saboda haka babbar ƙungiya tana iya cin moriyar wannan hali ba tare da ta nemi alfarma wurin kowa ba.

4.0 FITATTUN 'YAN WASA

Auna kwarjinin ɗan wasa a ƙwallon ƙafa yana da wuya, domin ƙeta biyu ba su taɓa zama daidai wa daida. Amma a wasan besbol na Amurka an sami hanya. A wannan wasa, mai jifa yakan jefa ƙwallo, alƙali kuma ya yanke ko ta bi ta cikin wani iyakantaccen gurbi a gaban mai duka ko ta kauce. Akwai na'urorin ɗaukar hoto da ke nuna ainihin inda kowace ƙwallo ta bi. A shekarar 2014 Kim da King sun buga nazarin jifa fiye da 700,000 na shekarun 2008 da 2009. Sun gano cewa masu jifan da suka yi suna, waɗanda aka sha zaɓa cikin gwanayen shekara, sun fi samun alƙali ya karɓi jifar da ta kauce a matsayin mai kyau, kuma ba a cika ƙwace musu mai kyau ba.

Bayanin wannan shi ne, idan abu ya rikice wa alƙali cikin ƙiftawar ido, yakan cike giɓin da abin da ya riga ya sani. Ya san wane gwani ne, sai zuciyarsa ta raya masa cewa gwani bai cika kuskure ba. Malamai da ke wannan zaure sun san irin wannan jarrabawa idan takardar ɗalibin da ya saba zuwa na ɗaya ta zo hannunsu.

5.0 MAGUƊI DA GANGAN

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Zargin 'yan kallo ya sami gindin zama ne saboda an sha kama masu laifi dumu-dumu.

Misali mafi girma shi ne na Italiya a shekarar 2006. Maganganun wayar tarho da masu bincike suka naɗa sun nuna babban daraktan Juventus, Luciano Moggi, yana hulɗa ta kut-da-kut da jami'ai biyu masu raba wa alƙalai wasanni, watau Paolo Bergamo da Pierluigi Pairetto. An ƙwace wa Juventus kofunan 2004/05 da 2005/06, aka mayar da ita rukuni na biyu, aka kuma rage wa AC Milan da Fiorentina da Lazio da Reggina maki. Abin lura a nan shi ne inda aka kai hari, watau ofishin da ke zaɓen alƙali. Wanda ke da iko a kan ci gaban alƙali ba ya bukatar ya sa masa kuɗi a aljihu.

Makamancin wannan tambaya ta taso a Sifen a shekarar 2023, lokacin da ta bayyana cewa Barcelona ta biya kamfanonin José María Enríquez Negreira fiye da Yuro miliyan 7 tsakanin 2001 da 2018, alhali yana mataimakin shugaban kwamitin alƙalai na ƙasar. Ƙungiyar ta ce kuɗin na rahotannin shawara ne, ta kuma musanta sayen alƙalai.

Wani nau'in kuma tushensa caca ne. A watan Nuwamba na 2016, a wasan neman shiga gasar Kofin Duniya, alƙali Joseph Lamptey ɗan ƙasar Gana ya ba Afirka ta Kudu fenariti a kan Senegal bisa zargin taɓa ƙwallo da hannu, alhali a ƙafa ta bugi Kalidou Koulibaly. Afirka ta Kudu ta ci 2-1. A 2017 hukumar FIFA ta haramta masa alƙalanci har abada, bayan ta danganta abin da ya faru da harkar caca. Aka sake wasan, Senegal ta ci 2-0. Irin wannan alƙali ba ruwansa da girman ƙungiya, inda kuɗi suke can yake.

6.0 SHIN HUKUMOMIN GASA NA BA DA UMURNI?

Wannan shi ne zargi mafi nauyi, shi ne kuma mafi ƙarancin hujja. An fi jin sa a gasar ƙwallon kwando ta Amurka, watau NBA. A shekarar 2007 alƙali Tim Donaghy ya amsa laifi a kotu dangane da caca a kan wasanni, aka ɗaure shi wata 15 a 2008. A lokacin shari'ar ya yi zargin cewa an karkatar da wani wasa na 2002 don a tsawaita jerin karawa a sami ƙarin kuɗi. Jama'a sun fahimci yana nufin wasa na shida tsakanin Los Angeles Lakers da Sacramento Kings, inda Lakers suka sami jifar kyauta 27 a zangon ƙarshe, Kings kuwa 9. Shugaban gasar na lokacin, David Stern, ya ƙaryata shi, rahoton lauya Lawrence Pedowitz na 2008 kuma bai sami shaidar maguɗi a wasan ba.

Wajibi ne mu yi adalci ga ɓangarorin biyu. Mai zargin mutum ne da ke neman sassaucin hukunci, mai binciken kuwa hukumar da ake zargi ce ta naɗa shi. Abin da za mu iya cewa shi ne, hukumar gasa tana da riba idan manyan ƙungiyoyi suka yi nisa, amma samun dalilin aikata laifi daban yake da tabbatar da an aikata shi. Abin da tarihin Italiya ya tabbatar shi ne ƙungiyoyi masu ƙarfi sun kutsa cikin tsarin alƙalanci, hukumar kuwa ta kasa kare shi.

7.0 KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata, mun ga cewa karkata ba da niyya ba tabbatacciya ce, tana ko'ina, tana kuma amfanar masu gida da masu suna. Maguɗi da gangan shi ma ya tabbata, ko da yake bai kai ta yawa ba. Umurni daga hukumar gasa kuwa har yanzu zargi ne. Tun da cutar ba ɗaya ba ce, maganin ma ba zai zama ɗaya ba, saboda haka muke ba da waɗannan shawarwari.

Na farko, a raba kwamitin da ke naɗa alƙalai da auna aikinsu daga hannun ƙungiyoyi da hukumar da ke sayar da gasa. Na biyu, albashi da masauki da tsaron alƙali su fito daga asusun gasa, kada ya dogara ga masu masaukinsa. Na uku, a rinƙa koya wa alƙalai sakamakon irin waɗannan bincike, domin wanda ya san rauninsa ya fi iya tsare kansa. Na huɗu, a yi amfani da na'urar VAR, wadda aka fara aiki da ita a manyan gasannin Italiya da Jamus a kakar 2017/18 da Kofin Duniya na 2018, tare da sanin cewa wanda ke zaune gaban na'urar shi ma ɗan Adam ne mai jin kwarjini.

A ƙarshe muna kira ga sassan nazarin wasanni da ƙididdiga na jami'o'inmu su tattara alƙaluman ƙarin lokaci da katuna da fenariti na gasanninmu na gida, su gwada su da ma'aunin da aka gwada na Sifen. Aiki ne da ɗaliban digiri na biyu za su iya yi da rahotannin wasanni na 'yan shekaru, kuma da shi ne za mu san gwargwadon abin da ke namu na wannan matsala.