Yadda ake yi wa sarƙaƙƙen rubutu walda a kwamfuta kafin yanka sitika

Da yawa daga cikin rubuce-rubucen da ake gani a gilasan shaguna da bayan adaidaita sahu da jikin rigunan biki, na'ura ce ke yanka su daga ledar sitika. Salon da masu ba da aiki suka fi so shi ne mai kama da rubutun hannu, wanda wutsiyar kowane harafi ke shiga cikin na gabansa. Wannan salo kuwa shi ya fi jawo wa sababbin shiga sana'ar asara, domin kalmar da ta fito sumul a fuskar kwamfuta takan fito daga na'ura a daddatse.

Inda matsalar take

Na'urar yanka ba ta ganin launi. Wata 'yar ƙaramar wuƙa ce a bakinta, tana bin layin da ya kewaye kowace siffa kamar yadda tela ke bin alli da almakashi. A cikin kwamfuta kuma kowane harafi siffa ce mai zaman kanta, da nata layin kewaye. Idan wutsiyar "a" ta hau kan "m", ido yana ganin abu guda saboda launinsu ɗaya ne, amma wuƙa za ta kewaye "a" har ƙarshen wutsiyarta, sannan ta kewaye "m", ta ratsa ta inda ta riga ta yanka.

Sakamakon haka, kowace mahaɗa takan bar ɗan guntu mai faɗuwa yayin ɓare ragowar leda. Ko da an lallaɓa an manna, ta wannan tsaga ƙura da ruwa ke shiga, zafin rana kuma ya sa leda ta ɗan tsuke, tsagar ta buɗe, harafi ya fara ɗagowa. An yi asarar leda da lokaci, mai shago kuma ba zai manta wanda ya yi masa aikin ba.

Maganin shi ne a narkar da haruffan su zama siffa ɗaya mai layin kewaye ɗaya, kamar yadda mai walda ke haɗe ƙarfe biyu. A CorelDRAW, manhajar da ta cika shagunan zane da buga takardu a Najeriya, sunan umarnin Weld. Haka sunansa yake a manhajojin Cricut da Silhouette. A Adobe Illustrator ana kiransa Unite, a Inkscape kuma, wadda kyauta ake saukar da ita, Union.

Abin da ake yi kafin walda

Da zarar an yi walda aka adana aikin aka rufe, rubutu ya tashi daga rubutu ya koma zane, ba a iya goge harafi a buga wani. Don haka matakin farko shi ne tantance ƙa'idar rubutu, a kuma nuna wa mai aikin ya amince.

A nan mai rubuta Hausa yana da ƙarin nauyi. Yawancin salailan rubutun hannu da ake saukarwa daga intanet ba su ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. Wata manhajar takan bar gurbi ko ɗan akwati, wata kuma ta aro harafin daga wani salo dabam, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar bare. Cire ƙugiyar ba mafita ba ce, domin "gidan baƙi" da "gidan baki" ba abu ɗaya suke nufi ba. Abin yi shi ne a buga b ko d ko k na salon, a zana ƙugiyar da kaurin da ya dace, a ɗora ta a kan harafin yadda za ta shige shi kaɗan, walda ta haɗe su.

Mataki na biyu shi ne daidaita tazara. A matso da haruffa har kowace wutsiya ta shiga jikin na gaba sosai. Idan gefe da gefe kawai suka taɓa, mahaɗar za ta fito siririya kamar zare, ta tsinke a hannu. Idan kuma aka cusa su fiye da kima, wutsiya za ta leƙa cikin ramin "o" ko "e" ta ɓata siffarsa.

Na uku, a kwafi rubutun a ajiye gefe guda tun yana rubutu. Ranar da mai aikin ya dawo yana son a sauya suna, wannan kwafi ne zai hana a koma farko.

Waldar kanta da dubawa

Daga nan sai a mayar da rubutun zane. A CorelDRAW ana danna Ctrl da Q, a Illustrator kuma Shift da Ctrl da O. Sai a zaɓi kalmar baki ɗaya a ba da umarnin walda.

Akwai tarko biyu a wannan gaɓa. Na farko, tara haruffa a rukuni guda, wato umarnin Group, ko Attach a manhajar Cricut, yana riƙe su ne a mazauninsu kawai, layukan da suka ratsa juna suna nan daram. Na biyu, idan aka wargaza zanen fiye da kima har ramukan cikin haruffa suka zama siffofi masu zaman kansu, walda za ta cike su, "o" ta koma dunƙulallen ƙwallo.

Kada a yarda da abin da launi ya nuna. A sauya kallo zuwa na layuka zalla, wanda CorelDRAW ke kira Wireframe, a Illustrator kuma Ctrl da Y ke kawo shi. Abin da aka gani a nan shi ne ainihin hanyar da wuƙa za ta bi. A ƙara girman hoton a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. Duk inda layi ya ratsa cikin harafi, waldar ba ta kama ba. Duk wani ɗan mitsitsin rami da haɗuwar haruffa ta haifar, a goge shi, domin ba zai ɓaru da kyau ba.

Wannan kallo yana tona wani asirin kuma. Wanda ya ƙara wa siririn rubutu kauri ta hanyar kumbura layin gefensa zai ga kaurin ya ɓace, saboda wuƙa tsakiyar layin take bi. Kaurin gaske sai da umarnin da ke zana sabon layi a kewayen siffar, wato Contour a CorelDRAW ko Offset Path a Illustrator.

Larabci, launuka da riguna

Rubutun Larabci da na ajami a haɗe suke tun asali, amma a kwamfuta su ma harafi-harafi ne masu hawa kan juna, don haka suna buƙatar walda. Ɗigogi da wasula ba sa taɓa jikin kalma, kamar ɗigon "i" da "j" a boko. Faffaɗan salatif ɗin da ake ɗaukar sitika da shi ne ke riƙe su a mazauninsu har a manna.

Walda ta launi ɗaya ce. Idan jan rubutu ya hau kan baƙi, kowanne a ledarsa ake yanka shi, sannan a ɗora wani bisa wani ko a rage na ƙasa daidai inda na sama zai zauna. Ledar da ake mannawa a riga da zafi kuwa ta bayanta ake yankawa, saboda haka dole a juya rubutun kamar a madubi kafin a tura shi.

A ƙarshe, a gwada wuƙa a kan ɗan ƙyallen leda. Daidai shi ne ta yanke ledar ta bar takardar da ke ƙasa ba ta huda ba. In hali ya yi, a yanka kalma ɗaya mafi sarƙaƙiya a ɓare ta tukuna. Idan ta ɗago gaba ɗaya ba tare da guntu ya faɗi ba, sai a saki sauran aikin.