Madubin Hangen Nesa: Abin Da Mai Duban Wata Zai Lura Da Shi Kafin Ya Saya

A ranar 29 ga kowane watan Musulunci, musamman Sha'aban da Ramadan, mutanen Gamawa da sauran garuruwan ƙasar Katagum sukan fita bayan gari da magariba suna neman jinjirin wata. Wanda ya gani ya kai labari ga hakimi, daga nan a sanar da fadar sarki, har magana ta kai ga Sarkin Musulmi a Sakkwato. Nauyin wannan shaida shi ya sa wasu masu hali suka soma tunanin sayen madubin hangen nesa.

Iri biyu ne manya. Akwai mai madubi a gindi, wanda bakinsa a buɗe yake, akwai kuma mai gilashi a baki, irin wanda ya ɓullo a ƙasar Holan a 1608, Galileo ya juya shi sama a 1609. Ga mutumin Gamawa na biyun ya fi dacewa, domin bututunsa a rufe yake, ƙurar hunturu ba ta kwanciya a ciki.

To amma fa yana da aibinsa. Gilashi guda ɗaya yakan rarraba haske kamar bakan gizo, sai a ga Zara ko gefen wata da wani rawani shuɗi-shuɗi. A 1758 John Dollond na Ingila ya sami haƙƙin mallakar dabarar haɗa gilashi iri biyu don rage wannan. Masu tsada na yau, irin su Takahashi na Japan da Tele Vue na Amurka, gilashi na musamman suke sawa, sau da yawa uku ko huɗu, har launin ya kusa ɓacewa. Kuɗin da ake zubawa, galibi nan yake tafiya.

Kada mai saye ya ruɗu da lambar da 'yan kasuwa ke rubutawa a kwali, wai yana kusanto da abu sau 500. Faɗin gilashin shi ne magana. Mai milimita 100 yana tara haske kusan sau 200 fiye da ƙwayar ido, kuma da wuya ya ba da hoto mai kyau idan an wuce ninki 200. Neman jinjirin wata ma ninki 20 zuwa 30 ya wadatar, don a ga fili mai faɗi. Sai kuma ƙafafun: madubi nagari a kan ƙafa mai rawa asara ce kawai.

Idan tazarar wata da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, masana sun ce ido ba ya ganin jinjirin, ko a madubi ma sai da kyamara. Kuma lalle a jira rana ta faɗi sarai kafin a ɗora ido, gama haskenta ta cikin gilashin yana ƙona ido nan take.