ZANEN GINI DA KWAMFUTA: KUKAN MASU SANA'A DAGA IKKO ZUWA CHINADE

Babu burin da ya fi zama a zuciyar ɗan Arewa mai neman abinci a Kudu kamar ya ga ya kafa gida nasa na kansa a garinsu. Mutumin Chinade ta ƙasar Katagum da ke fataucin shanu a Agege, ko mai sayar da gwari a Mile 12, ko ɗan canji a Sabon Badun, duk abin da ya tara hankalinsa yana kan fegin da ya saya a gida. A da can, mai gida da magini su ke tsayawa a fili, a ja layi da ƙafa, a ce nan zaure, nan turaka, nan rumbu. Yanzu kuwa zamani ya sauya, gini na bulo da rodi ba ya yiwuwa sai da taswira, taswira kuma ba ta fitowa sai daga cikin kwamfuta.

To, a nan ne wata matsala ta ɓullo wadda masu gida da yawa ba su san da ita ba, amma kuɗinsu ta ke ci. Watau zanen da aka yi a wata kwamfuta a Ikko, in ya isa hannun mai zane ko safiyo a Azare, sau da yawa sai ya ƙi buɗuwa, ko ya buɗu da giɓi. Masu sana'ar zane sun daɗe suna kuka a kan wannan, ba a Nijeriya kaɗai ba, har a ƙasashen da aka ƙera kayan.

ASALIN ABIN

Kafin zuwan kwamfuta, kayan aikin mai zane su ne tebur mai faɗi, da rula, da fensir, da tawada, da takarda mai shara-shara. A haka aka koyar da ɗaliban farko na sashen zanen gine-gine a Zariya, kuma a haka aka zana ofisoshi da makarantu da yawa bayan an ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976. Zanen da aka yi a Kaduna, kowa ya warware shi a Azare zai karanta, gama ido da rula kaɗai ya ke bukata.

A cikin watan Disamba na 1982 wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna Autodesk ya fito da manhajar zane da ake kira AutoCAD. Sannu a hankali ta mamaye duniya, har fayil ɗinta da ake ce wa DWG ya zama kamar kuɗin ciniki tsakanin masu zane, da injiniyoyi, da safiyo. A ƙasar Hangare kuma kamfanin Graphisoft ya fito da ArchiCAD, wadda ita ma ta sami karɓuwa ƙwarai a ofisoshin zane na Nijeriya.

Sai dai ya kamata mai karatu ya gane cewa kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita, kamar yadda kowace mota ta ke da irin injinta. Manya daga ciki uku ne: Windows ta kamfanin Microsoft, da macOS ta kwamfutocin Mac na kamfanin Apple, da Linux wadda kyauta ce. Manhajar zane da aka ɗinka wa ɗaya ba ta shiga ɗaya sai an sake ɗinki, kamfani kuwa ba ya sake ɗinki sai inda ya hango riba.

SUNA ƊAYA, KAYA DABAN

A farkon shekarun 1990 Autodesk ya daina yi wa kwamfutocin Mac AutoCAD, kuma daga fitowar 1997 ya tsaya a kan Windows kaɗai. Bai waiwayi masu Mac ba sai a watan Oktoba na 2010. Ko da ya dawo, abin da ya kawo bai kai na Windows cika ba, kuma har yau da sauran tazara.

Wanda ya sayi cikakkiyar AutoCAD a kan Windows yana samun ƙarin akwatunan aiki na musamman, irin na zanen gine-gine, da na wutar lantarki, da na famfo, da na taswirar ƙasa. Mai Mac ba ya samun waɗannan. Haka kuma ƙananan manhajojin taimako da injiniyoyi ke rubutawa da VBA ko .NET, don lissafin rodi ko jera lambobin fuloti, ba su aiki a kan Mac. Hatta fuskar manhajar ta bambanta, ta yadda yaron da ya ƙware a Windows in an zaunar da shi gaban Mac sai ya yi ta laluben maɓallan da hannunsa ya saba da su.

Abin bai tsaya nan ba. Revit, wadda Autodesk ya saya a 2002, wadda kuma manyan ofisoshi ke gina siffar bene sukutum da ita kafin a sa harsashi, Windows kaɗai ta sani. Haka Civil 3D ta injiniyoyin hanya da magudanar ruwa. Masu Linux kuwa ba a taɓa yi musu AutoCAD ba ko sau ɗaya.

A da masu Mac suna da wata dabara, watau su raba kwamfutar gida biyu su sa Windows a ɗaki guda. Amma daga watan Nuwamba na 2020 Apple ya soma fitar da kwamfutoci masu sabuwar ƙwaƙwalwa ƙirar kansa, wannan ƙofa kuma ta rufe a kansu. Abin da ya rage shi ne a sayi wata manhaja kamar Parallels a ɗora Windows a cikinta, ga ƙarin kuɗi, ga nauyi.

YADDA TA KE SHAFAR MAI GIDA

A ɗauki misali. A ce mai gida yana Ikko, ya biya wani ƙwararre ya zana masa gida mai ɗaki huɗu da shaguna a gaba. An aika fayil ta waya zuwa Azare, hedkwatar ƙaramar hukumar Katagum, don wani mai zane ya daidaita shi da fegin da ke Chinade. Kwamfutar Ikko sabuwa ce, ta Azare kuwa tsohuwa ce 'yar gwanjo. Kamfanin yana sauya tsarin fayil ɗin DWG lokaci lokaci, kamar yadda ya yi a 2007, da 2010, da 2013, da 2018, kuma tsohuwar manhaja ba ta buɗe sabon tsari. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna DWG TrueView da ke mai da fayil baya, amma ita ma Windows kaɗai ta ke bi.

In fayil ya buɗu ma, ba a tsira ba. Bango da ƙofa da tagar da aka zana da akwatin aiki na musamman su kan fito kamar inuwa a manhajar da ba ta da shi, ana ganinsu amma ba su gyaruwa. Mai zane na biyu sai ya sake aikin daga farko, mai gida kuma ya biya sau biyu, magini yana zaune, farashin siminti yana tafiya.

Sai maganar awo. A ƙasar Hausa har gobe da ƙafa ake cinikin fili, a ce hamsin da ɗari, watau kusan mita 15 da mita 30. Masu zane kuwa da milimita su ke aiki. Layin da ke cikin kwamfuta lamba ce kawai, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne. In aka haɗa zanen da aka fara da inci da wanda aka fara da milimita ba a lura ba, sai ɗaki ya koma akurki, ko akurki ya koma filin ƙwallo.

Wadda ta fi haɗari ita ce ta iyaka. Taswirorin Nijeriya na da an kafa su ne a kan ma'aunin da ake kira na Minna, wayoyi da na'urorin tauraron ɗan'adam kuwa suna bin ma'aunin duniya na WGS 84. Tsakanin biyun akwai tazarar mita gommai, wadda ta isa ta kai turken mutum cikin gonar maƙwabcinsa. Bugu da ƙari Ikko tana shiyya ta 31 a tsarin UTM, ƙasar Katagum kuwa tana ta 32. Kayan da ke juya waɗannan lambobi suna cikin akwatin taswirar ƙasa, shi kuwa ba kowace kwamfuta ke da shi ba. Tun da Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ɗora takardar shaidar fili a kan hukuma, kuskuren lamba a taswirar safiyo yana iya zama shari'ar da 'ya'ya za su gada.

Akwai kuma ɗan ƙaramin abin takaici da ya shafi Hausa kanta. Tsofaffin haruffan zane da manhajar ke zuwa da su ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Mai zanen da ya so ya rubuta ɗaki ko ƙofa don magini ya gane, sai ya ga alamar tambaya a gurbin harafin, dole ya nemi wani salon rubutu ko ya koma Turanci.

KUƊI DA LASISI

A 2016 Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin, ya koma haya, ana biya wata wata ko shekara shekara, kuma farashin yana bin dala. Da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Ƙaramin ofishin zane a Azare, wanda ga kuɗin man janareto, ga ladan aiki kaɗan, ina zai kai? Akwai 'yar ƙanwar manhajar mai sauƙin kuɗi, AutoCAD LT, amma ba ta gina siffa mai tsawo da faɗi da tudu. Ɗalibai irin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Bauchi suna iya samun lasisin karatu kyauta, sai dai sharaɗinsa ya hana yin aikin kuɗi da shi.

Wannan ya sa wasu ke komawa ga manhajar sata da ake loda wa mutum a kasuwa. Araha ba ta ado. Irin wannan ba ta samun gyara daga kamfani, ta kan zo da ƙwayar cuta, kuma ranar da ta ɓata aikin wata guda babu wanda za a kai wa ƙara.

Kada a ɗauka talaka kaɗai ke kuka. A watan Yuli na 2020 wasu manyan ofisoshin zane na Ingila, cikinsu har da Zaha Hadid Architects da Grimshaw, sun rubuta wa shugaban Autodesk buɗaɗɗiyar wasiƙa suna ƙorafin cewa kuɗin Revit yana hawa amma gyaranta ba ya tafiya. Su ma masu dogara da kyauta sun ɗanɗana, gama DraftSight ta kamfanin Dassault na Faransa, wadda aka daɗe ana ba da ita kyauta, an rufe kyautar a ƙarshen 2019, aka kuma daina yin ta Linux.

INA MAFITA?

Hanya ba ta toshe gaba ɗaya ba. ArchiCAD tana aiki a Windows da Mac. BricsCAD ta ƙasar Beljiyam tana bin duka ukun, kuma da DWG ta ke aiki. LibreCAD kyauta ce ga mai zanen shimfiɗe, FreeCAD ta kai fitowarta ta 1.0 a watan Nuwamba na 2024, QGIS kuma tana juya lambobin Minna da na WGS 84 ba tare da an biya ko kwabo ba. Kowace tana da nata giɓin, musamman wajen karanta DWG mai sarƙaƙiya, amma da babu gara ba daɗi.

Shi kuwa mai gida da ke Kudu, ba sai ya iya kwamfuta ba kafin ya tsare dukiyarsa. Tun kafin ya biya kafin alƙalami, ya haɗa mai zanen Ikko da na gida su yi magana, su daidaita a kan manhaja da shekarar fayil. Ya nemi a ba shi zanen iri uku: DWG da aka mayar tsohon tsari, da PDF wanda kowace waya ke buɗewa, da bugu a takarda mai sa hannu da hatimi. Ya tabbata an rubuta awo a jikin kowane bango, an kuma faɗi ko mita ce ko ƙafa. Taswirar fili kuma ta fito daga safiyo mai rajista da hukumar SURCON, a rubuta ma'aunin da aka bi a jikinta, a kuma je fili a ga turaku da ido tare da mai unguwa da maƙwabta kafin a sauke bulo ko ɗaya.

Haka nan uban da zai saya wa ɗansa kwamfuta a Computer Village ta Ikeja don karatun zane ko injiniya, kada kyan jiki da tsada su ruɗe shi. Ya sa yaron ya tambayi malaman sashensa manhajar da za a koyar da shi tukuna. In Revit ce ko Civil 3D, to, kwamfuta mai Windows ita ce daidai, kuma ya duba wadda za ta ɗauki Windows 11, tun da Microsoft ya janye tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan kaya suna nesa, kukan mai zanen Azare ba lalle ya kai kunnensu ba. Abin da ke hannun mai gida shi ne tambaya kafin biya, gama rigakafi ya fi magani.